Shafin Da Ya Tsaya a Kan Talata

A garin Kankia akwai wata yarinya 'yar aji uku a ƙaramar sakandare. Tana cikin ƙungiyar masu koyon kwamfuta ta makarantarsu. Ta fi kowa saurin ganewa. Ita ma ta san haka, har abin ya fara shiga kanta.

Malaminsu, Malam Abdulrauf, yana koya musu gina shafin intanet. A wannan zangon ya kawo musu wani kundi na kayan gina shafi.

Ya ce, "Wannan kundin kamar bulo ne da aka riga aka buga. Ba sai kun kwaɓa siminti ba. Ɗauka za ku yi ku jera."

A cikin kundin akwai ƙananan kayan aiki da ake kira filogin. Wani yana sa hotuna su riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya. Wani kuma in an taɓa maballi, sai akwati ya buɗe da rubutu a cikinsa.

Malam ya ce, "Amma ku lura. Duk cikinsu babu mai motsi sai da fayil guda, fayil ɗin sikirif. Shi ke ba su umarni. In babu shi, sun zama injin niƙa da aka cire wa bel."

Yarinyar ta gyaɗa kai, amma hankalinta yana kan hotunan da ke wucewa.

Wata Laraba a tsakiyar damina, shugabar makaranta, Hajiya Jamilatu, ta shigo ɗakin kwamfuta. Ta ce wasu likitocin ido za su zo mako mai zuwa. Za su duba tsofaffi kyauta a zauren makaranta har kwana uku.

Ta ce, "Mutum sittin kawai za su iya gani a rana. Saboda haka an raba. Talata mutanen Kankia. Laraba mutanen Kafinsoli. Alhamis mutanen Ƙofa da Yashe. Ina son a sa wannan a shafin makaranta, mu tura wa masu unguwanni."

Malam Abdulrauf ya nuna yarinyar. Ya ce, "Ga wadda za ta yi mana."

Yarinyar ta ji daɗi ƙwarai. Ta zauna ta shirya hotuna uku. Na farko ya ce TALATA, na biyu LARABA, na uku ALHAMIS, duk da manyan baƙaƙe. Ta sa filogin da zai riƙa juya su. A ƙarƙashin kowane hoto ta sa koren maballi. In an taɓa shi, sai akwati ya buɗe da sunan garin da ke da ranar.

Ƙawarta Rauda ta leƙo ta ce, "Ya yi kyau. Amma me zai hana ki rubuta ranakun da garuruwan a fili, kowa ya gani?"

Ta ce, "Wannan ai aikin 'yan aji ɗaya ne. Ni nawa motsi yake yi."

Ranar Juma'a ta gama. Malam zai tafi taron malamai, sai ya ce mata, "In kin ɗora shi a intanet, ki ari wayar maigadi ki gwada. Mutanenmu a waya za su buɗe, ba a kwamfuta ba."

Ta ce, "To, Malam."

Ta ɗora shafin da hotunan. Sannan ta buɗe kwafin da ke cikin kwamfutarta. Hotuna suna wucewa, akwati yana buɗewa. Aka kaɗa ƙararrawar tashi. Ta hango ɗakin maigadi can bakin ƙofa, ga rana, ga yunwa. Ta ce a ranta, abin da ya yi a nan ai zai yi a ko'ina.

A bakin aji ta haɗu da Malam yana dawowa.

"Kin gwada a waya?"

Sai ta ce, "Na gwada, Malam."

"Madalla." Nan take ya tura adireshin shafin ga shugaba, ita kuma ta tura wa masu unguwanni.

Ranar Talata da safe yarinyar ta nufi makaranta. Tun daga kan kwana ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Babura sun cika gefen titi. Ga akori-kura biyu suna sauke mutane. Tsofaffi maza da mata sun cika gindin darbejiya, wasu sun zauna a ƙasa mai laima. Layi ya fito har waje.

Da fari ta yi murmushi. Ta ɗauka kyan shafinta ne ya jawo su.

A bakin ƙofa ta ji maigadi, Malam Ɗalha, yana magana da wani mutum. Mutumin yana riƙe da hannun wata tsohuwa.

Malam Ɗalha ya ce, "Daga ina kuke?"

"Daga Yashe. Sunana Bube, wagga mahaifiyata ce, Mairama."

"To ai ku ranarku Alhamis."

Bube ya dube shi. "Alhamis kuma? Mi ya kawo Alhamis? Talata aka rubuta."

Ya zaro wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi. Yarinyar ta matso ta leƙa. Shafinta ne. Ga TALATA da manyan baƙaƙe. Ta tsaya tana jira hoton ya wuce. Bai wuce ba.

Ta ce, "Baba, don Allah ara mini."

Ta taɓa koren maballin. Babu abin da ya buɗe. Ta sake taɓawa. Ta danna da ƙarfi har sau biyar. Shafin yana nan tsaye kamar an kafe shi da ƙusa.

Ta ɗaga kai ta dubi jama'ar nan. Kowa a cikinsu Talata ya gani. Ba wanda ya ga Laraba, ba wanda ya ga Alhamis, ba wanda ya ga sunan gari.

Tsohuwar ta ce, "Bube, mi ya faru? Ba za su duba ni ba?"

Idanunta sun yi fari-fari. Tana kallon inda ba kowa.

Bube ya ce, "Dakata, Inna. Tun asuba muka baro gida. Na bar gona da ciyawa na taho."

Yarinyar ta miƙa masa wayar.

A gaban zaure, Hajiya Jamilatu tana tsaye da babban likitan. An ƙirga mutane, sun haura ɗari biyu. Likitan ya riƙe baki.

Ya ce, "Hajiya, mu huɗu ne kawai. Ko da za mu kai magariba, ba za mu gama da rabinsu ba."

Hajiya ta juya wurin Malam Abdulrauf. Shi ma yana duba tasa wayar. Fuskarsa ta canza.

Ta ce, "Malam, yaya aka yi haka?"

Ya ce, "Laifina ne, Hajiya. Ni ke da alhakin shafin, kuma ban duba da kaina ba."

Bai ambaci sunan kowa ba. Bai ko dubi inda yarinyar take ba.

Wannan ya fi komai girgiza ta. Tana iya wucewa aji ta zauna, ba mai tare ta. Ta yi taku biyu ta tsaya. Sai ta juyo.

Ta ce, "Hajiya, ba Malam ba ne. Ni ce."

Duk suka dube ta.

"Ya ce in gwada a waya, ban gwada ba. Da ya tambaye ni, na ce na gwada. Ƙarya na yi masa."

Rauda, da ke tsaye kusa, ta dafe ƙirji. Malam Abdulrauf ya daɗe yana kallon yarinyar. A hankali ya ce, "Ke?"

Hawaye suka zubo mata.

Hajiya Jamilatu ta ce, "Kukan ba yanzu ba. Ga iyayenki nan a zaune, je ki gaya musu da bakinki."

Aka ba ta lasifikar hannu. Ta gaishe su, ta faɗi abin da ta yi, ba ta ɓoye komai ba. Ta ce su yafe mata.

Sai aka fara gunaguni. Wani mutumin Kafinsoli ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya kama hannun mahaifinsa suka fita. Yarinyar ta bi su da ido har suka hau babur.

Sai wani dattijo ya tashi da sandarsa. Malam Musa ne, mai unguwa a cikin Kankia.

Ya ce, "Jama'a, yarinya ta yi kuskure kuma ta faɗa. Yanzu mi ya rage? Mu mutanen gari, gidajenmu ga su nan. Mu koma, mu dawo Alhamis. A duba baƙinmu na Ƙofa da Yashe yau, su suka fi nisa. Mutanen Kafinsoli, ku yi haƙuri zuwa gobe."

Aka ɗan ja magana, amma daga baya aka amince. Likitoci ma suka ce za su ƙara mutum goma a kan sittin ɗin.

Hajiya ta ce wa yarinyar, "Ranakun sun canza. Minti talatin na ba ki ki gyara shafin. In kin gama, yau ba ki da aji kuma ba ki da hutun tara. Ke za ki riƙa kai wa tsofaffin nan ruwa."

A ɗakin kwamfuta, Malam ya buɗe wurin da aka ɗora shafin. Ya ce, "Ƙirga fayilolin."

Ta ƙirga. Ga shafi, ga hotuna uku. Fayil ɗin sikirif babu shi. Yana nan zaune a cikin kwamfutarta, ba ta ɗora shi ba.

Ta ce, "Wannan ɗan ƙaramin fayil ɗin ne ya jawo duk wannan?"

Malam ya ce, "Mantuwa ce, kuma kowa yana yi. Ni ma na sha yi. Da kin gwada, da a minti ɗaya kin gano. Da kin ce mini ba ki gwada ba, da na gwada da kaina."

Ta sunkuyar da kai.

Ta ɗora fayil ɗin. Sannan ta kira Rauda ta ce, "Shawararki zan bi." A saman shafin ta rubuta sababbin ranakun da sunayen garuruwan a fili. Ko filogin bai tashi ba, kowa zai karanta. Hotuna masu wucewa ta mayar da su ƙasa, ta kuma gyara sunayen garuruwan da ke cikin akwatunan.

Ta fita da gudu. Ta gwada a wayar Malam Ɗalha, ya yi. Ta gwada a ta Malam Musa, ya yi. Ta nemo Bube ta ari tasa. Wayar ta daɗe tana juyi, amma rubutun ya fito tun kafin hotunan. Can sai TALATA ta wuce, LARABA ta shigo.

Bube ya ce, "Ashe tafiya yake yi."

Yinin ranar ta yi shi ne da buta da kofi a hannu. Ta kai ruwa, ta jawo benci, ta riƙe hannun waɗanda ba sa gani ta kai su ƙofar zaure. Kafin la'asar ƙafafunta sun yi tsami.

Da yamma ta ga Bube ya fito da mahaifiyarsa. An wanke wa tsohuwar ido, an ba ta magani da tabarau. Likita ya ce ido ɗaya sai an yi aiki, amma ɗayan zai gani.

Tsohuwar ta tsaya ta ce, "Ina yarinyar da ta yi magana ɗazu?"

Yarinyar ta zo ta durƙusa. "Ga ni, Inna."

Tsohuwar ta gyara tabaran, ta matso da fuskarta kusa. Ta daɗe tana dubawa. Sai ta yi dariya.

"Ashe 'yar mitsitsiya ce ta tara mu haka. Tashi, ɗiyata. Na yafe maki."

A gida ta tarar labari ya riga ta isa. Mahaifinta yana zaune a kan tabarma. Ta zauna nesa kaɗan, ta ba shi labarin tun daga farko.

Ya ce, "Na ji kunya da aka ce kin yi ƙarya. Amma na ji daɗi da aka ce kin tashi kin wanke malaminki. Gobe akwai wanda za ki nema."

Ta gane wanda yake nufi.

Washegari tana bakin ƙofar makaranta tun da wuri. Da mutumin nan na Kafinsoli ya iso da mahaifinsa, ta tare su ta gaishe su, ta ba shi haƙuri. Ya dube ta, ya ce, "Ya wuce." Ita ta riƙe hannun tsohon har cikin zaure.

Laraba da Alhamis suka wuce lafiya. Kowa ya zo a ranarsa, kowa aka duba shi. Malam Abdulrauf bai karɓe shafin daga hannunta ba. Ita ta ci gaba da kula da shi har ta gama makarantar.

Yara, duk aikin da jama'a za su dogara da shi, ku gwada shi kafin ku miƙa. In kuma ba ku yi abu ba, kada ku ce kun yi. Kalma biyu kawai yarinyar nan ta faɗa, amma sai da suka taso da mutum ɗari biyu daga gidajensu.