Taka Mini Birki

Da magariba suka yi yarjejeniyar, a ƙaramin filin jirgin da ke tsakiyar gonakin rake na Negros. Manong Berting, wanda ya tsufa yana bin tsofaffin jirage da kyamara, ya tarar da wani jirgi mai launin rawaya, matuƙinsa na tsaye ya dafa fiffike.

"Hoto kyauta ne, Manong," in ji matuƙin. "Kai dai hau ka taka mini birki, in murza farfela da hannu. Ko gwiwar ta gaji?"

"Gwiwar nan ta girmi ubanka, Kapitan."

Berting ya lura ciyawa ba ta kwanciya a ƙarƙashin takalmin mutumin, amma kwaɗayin hoto ya rufe masa ido. Ya miƙa masa kyamarar, ya hau. Kujerar sanyi ƙalau, tana warin ƙonannen rake. Matuƙin ya ɗaure masa bel, sai a lokacin ya ɗage hannunsa daga jikin jirgin.

Ko kallon farfelar bai yi ba. Ya rataya kyamarar, ya juya.

"Kapitan! Bel ɗin ya ƙi buɗuwa!"

"Ni ma haka na yi ta ihu. Jirgin ne ba ya son zama shi kaɗai. Yi haƙuri, wani mai kyamara zai zo."

Berting ya fizga, ya ƙwala ihu, amma ko kwaɗi ba su fasa kukansu ba. Yana kallo mutumin ya nufi titi, ciyawa tana kwanciya a duk inda ya taka.

Matuƙin ya samu hanyar gida. Berting kuwa ya samu jirgi, ya rasa duk sauran.