Bokan Da Ke Cikin Wayar Ndako

Ruwan sama ne ya kora Ndako cikin shagon, ba niyya ba. Saukowarsa ke nan daga motar Kuta, wata Juma'a a daminar 2008, ruwa ya tsuge. Rumfar da ta fi kusa ya faɗa, wani ɗan shagon hayar littattafai da aka jera su a kan igiya kamar shanya.

Bai gama share fuska ba ya ji muryar mace a bayansa.

"Wallahi Muttaka, an sare masa kai fa! Kan ya faɗi ƙasa, ya mirgina, ya buɗe ido ya ci gaba da magana. Kuma ka ce in jira sai wani sati?"

Ndako ya juyo da sauri.

"Subhanallahi! Baiwar Allah, a wace unguwa? An sanar da 'yan sanda?"

Sai Muttaka mai shago ya kife a kan tebur yana dariya. Ita kuwa budurwar, mai fararen kayan nas a ƙarƙashin hijabi, ta rufe baki da littafin da ke hannunta, idanunta kaɗai ke dariya.

"A Birnin Tagulla aka yi, Malam," ta ce. "'Yan sanda ba su da ofis a can."

Ta miƙa masa littafin. A bangon an zana wani ƙato da takobi, yana fuskantar maciji mai kai bakwai. Ndako ya juya shi gaba da baya, kunya ta rufe shi. Amma idanun nan sun riga sun yi masa abin da suka yi.

Sunanta Sharifa. Kafin ruwa ya ɗauke ya karɓi hayar littafi na ɗaya, ya kuma samu lambar wayarta, wai don in ya rikice ya tambaya.

Ya kuwa rikice.

Ndako Banufe ne, iyayensa 'yan Bida, a unguwar Shango aka haife shi. Aikin lantarki yake yi a madatsar ruwa ta Shiroro, sai ƙarshen mako yake dawowa gida. Mutum ne da ya saba da abin da ake aunawa: in wuta ta shiga nan, ya san inda za ta fita. Littafin nan kuwa ba shi da mita. Ranar Litinin da rana ya tura mata saƙo:

"Salam. Don Allah ya aka yi Sadauki Jamraku ya yi tafiyar shekara arba'in a yini ɗaya? Kuma a shafi na goma ai dokinsa ya mutu."

Amsa ta zo nan take:

"Injiniya, ba dokin ba ne, aljanin da ke cikin dokin ne ya mutu. Ka daina lissafi, ka hau kawai."

Ya karanta saƙon ya sake karantawa. Bai gane ba, amma ya tsinci kansa yana murmushi a gaban injin.

Haka suka ɗore. Shi yana tambaya, ita tana amsawa, har tambayoyin suka daina zama na doki. Ta fara kiransa Injiniyana, shi kuma ya ce mata Gimbiya, tunda duk macen kirki a littafin haka ake ce mata. Ranar Asabar bayan la'asar yakan je zance gidansu, tsohon gida a bayan tashar jirgin ƙasa, inda kakanta ya zauna tun zamanin da ya zo aikin reluwe.

A nan ya gano ba shi kaɗai ba ne. Akwai Suleiman mai shagon waya a kasuwa, wanda babansa aminin mahaifinta Alhaji Ishaku ne. Suleiman ya haddace littattafan yaƙi kamar karatun allo. Ya san sunan kowane takobi da kowane sarkin aljanu. Rannan suka haɗu a zaure, Suleiman ya dube shi ya ce, "Au, har yanzu kana na ɗaya? To bari in rage maka wahala, wazirin nan shi ne bokan."

Ndako ya koma gida. Ya rubuta saƙo ya goge, ya sake rubutawa:

"Gimbiya, ni ban iya abin nan ba. Shi ya san duniyarki, ni ko ƙofarta ban gane ba."

Ta amsa:

"Shi ƙarshen labari yake faɗa mini, kai kuma kana tambayata me ya sa. Ka taɓa ganin wanda ya ƙoshi da abincin da wani ya tauna masa? Ka zo Asabar."

Da ya zo, ya same ta ba walwala. Wata mata da ta daɗe tana jinyarta ta rasu da safe. Littafi na kan cinyarta a rufe. Ya zauna, ya yi ta'aziyya, sannan ya yi tambayar da ta daɗe tana cinsa.

"Sharifa, ke da kike ganin jini na gaske kullum, me kike nema a cikin na ƙarya?"

Ta shafa bangon littafin.

"A asibiti ba ka ganin fuskar abin da kake yaƙi da shi," ta ce a hankali. "Ka yi allura, ka sa ruwa, ka yi addu'a, ya zo ya ɗauke mutum ta inda ba ka zata ba. A nan kuwa mugu yana da suna, yana da fada, ana iya zuwa har ƙofarsa a kira shi ya fito. Jarumi zai sha wuya, za a jefa shi rijiya, amma na san zai fito. In na karanta, sai in ji zan iya komawa aiki gobe."

Ndako bai ce ya gane duka ba. Ya dai gyara zama.

"In kin yarda," ya ce, "zan turo manya."

Ta ja hijabi ta rufe rabin fuska. "Ka gama na biyu tukuna."

Matsalar daga gidan su Ndako ta ɓullo. Mahaifiyarsa, wadda suke kira Nna, ita ta riƙe su tun rasuwar mahaifinsu, da sana'ar busasshen kifi. Ta lura ɗanta ya canja. Yana dariya shi kaɗai, yana barin tuwo ya huce, ga wasu littattafai a ɗakinsa masu zanen ƙwarangwal da mutane masu ƙaho. Wata Asabar ya fita masallaci ya bar wayarsa a tabarma. Saƙo ya shigo. Nna ba ta karatun boko, sai ta miƙa wa babbar 'yarta Rukayat, wadda ta zo yini.

Rukayat ta karanta da ƙarfi:

"Injiniyana, boka ya riga ya ba ta kwalbar. Da ya sha shi ke nan, ko uwarsa ba zai ƙara ganewa ba, sai abin da ta ce. Kar ka gaya wa kowa."

Ndako ya dawo ya tarar da Nna zaune dirshan a ƙasa tana salati.

"Wannan yarinya ya gama da kai!" ta ce da irin Hausarta. "Me ya ba ka ka sha?"

"Wa? Me na sha? Zoɓo dai na sha a gidansu."

"Zoɓo!" Nna ta ɗora hannu a ka.

Ya ɗauki lokaci kafin ya gane inda aka dosa. Ya yi bayani da Hausa, ya koma Nufanci, ya rantse cewa labari ne, kuma "kar ka gaya wa kowa" nufinta kada ya faɗi inda ya kai a littafin, don kada Suleiman ya ji ya ɓata masa ƙarshen. Duk abin da ya faɗa sai ya ƙara zama shaida a kansa. "Ka ji ko?" in ji Rukayat. "Har kare ta yake yi. Haka abin yake aiki."

Kafin sati ya zagayo maganar ta fita, ta bi bakin mata a kasuwa har ta isa kunnen Alhaji Ishaku. Ran dattijon ya ɓaci ƙwarai. Ya aiko a gaya wa Ndako kada ya sake taka masa zaure. 'Yarsa ba ta san ƙofar boka ba, kuma ga Suleiman nan da iyayensa suka san mutunci.

Saƙo ɗaya Sharifa ta turo:

"Baba ya hana ni kiranka. Ban yi fushi da Nna ba, uwa ce. Amma Ndako, ina tsoro. Wannan karon ban san ƙarshen ba."

Satin nan a Shiroro bai san yadda ya yi shi ba. Ya rasa wa zai ji wa haushi. Nna don tana sonsa ta yi, Alhaji don yana son 'yarsa, shi kuwa bokan da ya haddasa komai ko wanzuwa bai yi ba.

Ranar Asabar da hantsi ya tarar Nna ta tara littattafan a tsakar gida, ga ashana a hannunta. Ya durƙusa a gabanta.

"Nna, ki ƙona. Amma ki bari in karanta miki wurin kwalbar tukuna. In kin ji sunana ko nata a ciki, ni zan ƙyasta ashanar."

Ta harare shi, ta jawo kujera 'yar tsugunno, ta ɗauko carbi don kariya.

Ya fara. Da farko tana ta neman tsari. Da aka zo inda muguwar sarauniya ta miƙa wa Jamraku ƙoƙon, carbin ya tsaya.

"Kar ya sha," ta ce.

"Ya karɓa, Nna."

"Wawa ne? Bai ga idon matar ba?"

Jamraku ya sha. Ya manta garinsu, ya wuce mahaifiyarsa a bakin kasuwa bai gane ta ba. Tsohuwar ta bi shi ƙasa bayan ƙasa da ƙafa, tana ambaton Allah, ƙafafunta na jini. Ndako ya ɗago kai ya ga Nna na share ido da bakin zane.

"Haka kakata yake ba mu labari a bakin kogi," ta ce, kamar da kanta take. Sai ta daka masa tsawa: "Wa ya ce ka tsaya?"

Suka tashi suka yi azahar, suka dawo. Kifin da za ta kai kasuwa yana nan a kwando. Littafi na biyu ya ƙare daidai inda tsohuwar ta isa ƙofar fadar boka ta ɗaga murya ta kira shi.

"Sai me?"

"Ya ƙare, Nna. Sai a na uku."

"Ina na ukun?"

"Guda ɗaya ne a shagon Muttaka. Yana hannun Sharifa."

Nna ta dubi ashanar, ta dubi ɗanta.

"Yarinyar da yake son labarin uwa irin wannan," ta ce, "ba zai raba ɗa da uwarsa ba. Na ɗauki alhakinsa. Kira mini Rukayat, ya zo ya raka ni."

Washegari suka tafi da kwandon kifi mafi kyau. Ndako bai shiga ba, a bakin titi ya tsaya yana ta kai da kawowa. Rukayat ce ta ba shi labari daga baya: Nna ta durƙusa har ƙasa a gaban Alhaji Ishaku, ta ce ita ta ɓata sunan yarinya a kasuwa, kuma a kasuwar za ta gyara shi da bakinta. Alhaji ya sa aka kira Sharifa, ya tambaye ta wa take so tsakanin Suleiman da Ndako. Sai ta je ta zauna kusa da Nna.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu:

"Injiniyana, Baba ya ce ka turo. Nna kuma ta tafi da na uku a cikin zanenta. Ka karanta mata a hankali, akwai wurin kuka."

Bayan sallar layya aka ɗaura aure. 'Yan uwa suka cika motoci daga Bida, abokan aikinsa suka zo daga Shiroro, Suleiman ma ya zo ya yi musu fatan alheri. Da aka kawo amarya Shango da yamma, Nna ta kama hannunta ta zaunar da ita a kan tabarmarta, ta haɗa da hannun Ndako.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙai. Duk wanda ya nufe ku da sharri, na fili da na ɓoye, Allah ya mayar masa."

Ɗaki ya amsa da amin.

Ndako ya sunkuya ya raɗa wa amaryarsa, "Gimbiya, har yau fa ban gane yadda aka yi duk wannan ya faru ba."

Daga cikin mayafi ta matse masa yatsu.

"Ni ma haka," ta ce. "Alhamdulillahi."