Testar da Kausar Ta Ɓoye

"Kausar, wannan makunnin ba lalacewa ya yi ba. Hannu ya kwance shi."

Lamine ya faɗi haka ƙasa-ƙasa, yana tsugune gindin bangon ɗakin Inna Zara'u, mahaifiyarta. Kausar ta sunne kai tana murza bakin mayafi.

"To in ban kwance ba, ta ina zan gan ka?"

Gaskiyarta ce kuwa. Tun ranar da mahaifinta Malam Isufu ya ce ba zai ba mai wasa da ajali a kan tsani 'yarsa ba, ƙofar zance ta rufe. Shi ya fi son Rabilu, ɗan amininsa mai shagon kayan sanyi a kasuwa. Sai dai duk faɗin Tasawa ba wanda Malam ya yarda ya taɓa masa wayar kuran, wato lantarkin gida, sai Lamine. Shi ya sa makunnan gidan suka kama ciwo bi da bi, kamar tsofaffi da damina.

"Kada ki ƙara, sanyin idona. Kuran bai san soyayya ba."

Ya zaro testa daga aljihu, wato ɗan turnabis na kwance kusoshi, mai ƙwan fitila cikin ƙotarsa.

"Dubi nan. Ko na kashe wutar gida duka, ba ni taɓa waya sai na tambayi wannan. Ita ma sai na gwada ta tukuna a priz ɗin da na san da wuta, in ga ko tana da rai."

Ya zura ta a priz, ramin jona wuta da ke jikin bangon, ya ɗora yatsa a bayanta. Jar fitila ta kama.

"Ashe kana da wata masoyiyar!"

"Ita tana tsare min raina, ke kuma kin sace shi..."

Dariyar ta maƙale mata da ta ji tarin Malam a zaure. Lamine ya juya yana naɗe wayoyinsa da sauri, ita kuwa ta faki idonsa ta soke testar a ƙugun zane. Da la'asar dole ya dawo neman kayansa, ta ƙara ganinsa ko na ƙiftawar ido.

Ta yi wanka, ta zizara kwalli, ta zauna jira.

Inna ce ta shigo a maimakonsa, ba takalmi, ɗankwali a hannu.

"Kausar... Innalillahi! Lamine... kuran ya kama shi shagon Rabilu!"

"Yana asibiti?"

Inna ta rungume ta kawai.

Daga baya masu shagunan kusa suka ba da labarin yadda aka yi. Daga gidan Malam ya wuce gyaran firizar Rabilu. Ya laluba aljihu bai ji testa ba, ya ce bari ya je ya ɗauko. Sai Rabilu ya kece da dariya a gaban jama'a.

"Da hannuna na kashe wutar shagon ga! Wai wannan matsoracin ka son ɗiyar Malam?"

Abin da bai faɗa ba shi ne akwai wata waya da ya janyo a ɓoye daga shagon maƙwabci, wadda kashe wutarsa bai shafe ta ba. Lamine, mai haƙurin da bai taɓa biye wa kowa ba, ya ji an ambaci Kausar, ya kai hannu.

Kausar ta daina ci, ta daina magana. Rabilu ya zo gaisuwa, Malam da kansa ya kore shi daga zaure. Sannan ya shigo ya tsaya a kanta.

"Ɗiyata, ki gahwarce ni. Wallahi na so in kira iyayenshi bayan girbi."

Nan ta fashe da kukan da ta riƙe. Ta zaro testar daga ƙarƙashin matashi.

"Baba, ni na ɓoye ta! Don ya dawo na ɓoye ta!"

"Kul!" in ji Inna. "Wa'adi ne ya cika. Wannan ɗan abin ma ƙila ya mutu tuni. Ko yana hannunshi da bai hana komi ba."

Kausar ta kama maganar nan kamar mai nutsewa. Ƙila fa. Ai Lamine da bakinsa ya ce testa ma takan mutu.

Ta tashi da ƙyar ta isa gindin bangon da ya tsuguna ranar. Ta zura testar a priz, tana roƙon Allah a zuci kada ta kama.

Ta ɗora yatsa yadda ya koya mata.

Jar fitila ta kama tar.