Tsohon Hanyar Machame

Elisante Shayo ɗan dako ne a dutsen Kilimanjaro. Ranar nan ya yi targaɗe a hanyar Machame, ayarin masu hawa suka wuce suka bar shi cikin daji da buhun tantuna a ka. Duhu ya rufa, hazo ya sauko, ko kukan biri babu.

A wata kwana fitilarsa ta haska wani tsoho zaune kan saiwar bishiya, ya yafa fatar akuya, yana warin giyar ayaba da jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Kai ɗan gidan Shayo," in ji tsohon, "ɗauke ni ka kai ni sama."

"Baba, na yi maka kama da jaki ne? Matsa min."

"Kuna kwaso baƙi suna tattake mana makwanci, ni ne ba za ka ɗauka ba?"

"Ka sha ka bugu, koma gida wajen jikokinka!"

Elisante ya yi tsaki ya raɓa ta gefensa. Sanyi ya sa bakinsa fitar da tururi, amma bakin tsohon ko alama.

Ya ƙara sauri yana ɗingishi. Da ya waiga, ba kowa kan saiwar. Sai buhun ya soma nauyi, wuyansa ya sage. Ya kai hannu zai sauke, yatsunsa suka taɓa wata ƙafa mai sanyi tana reto gefen kunnensa.

"Kada ka tsaya, mara kunya," muryar tsohon ta ce daga saman kansa. "Da sauran tafiya."