Motar Da Ke Kuka A Fakku

"Maimaita min abin da kac ce."

Zulfa ba ta ɗago ba lokacin da ta faɗi haka. Kanta na ƙarƙashin sitiyarin wata tsohuwar bas, hannunta riƙe da fitilar gwaji, tana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya.

Siddiƙ ya gyara tsayuwa a bakin rumfar, ya share zufa da hularsa.

"Zulfata, ki fito mu yi magana mana..."

"Ina jinka daga nan."

"Goggo ta ce... ta ce in dai kina sona, ki rufe rumfar nan. Ko na ɗan lokaci ne, har a ɗaura aure hankali ya kwanta."

Sai a lokacin ta fito. Baƙin mai a goshinta, ƙaramin hijabinta a ɗaure ta baya. Ta kalle shi kallon da ya sa ya sunkuyar da kai.

Rumfar nan ta bakin tashar Tambuwal ta mahaifinta ce, marigayi Na'iya mai wayarin mota. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, shi kuwa bai tsaya jiran tsammani ba, ya zaunar da Zulfa gefensa tun tana 'yar firamare. Ya koya mata cewa ba a murɗa waya da waya a bar su haka, sai an kankare, an haɗa da dalma, sannan a naɗe. Kuma shi da salatif rawaya yake naɗe nasa aikin, don duk inda mota ta je a san inda hannunsa ya taɓa. Da ya rasu, Zulfa ta ɗauki filayarsa da rawayan salatif ɗinsa ta ci gaba. An yi surutu har an gaji.

A nan Siddiƙ ya same ta. Shi ke jan akori-kurar mahaifinsa daga Fakku, yana kawo gero da albasa kasuwa. Fitilar gaba ce ta fara kawo shi. Daga nan kuma motar ta zama ba ta rabo da ciwo, yau sigina, gobe wai yana jin ƙauri. Ita kuwa ta duba ta ga lafiya lau, ta yi shiru da bakinta, don ita ma ta fara sauraren ƙarar injinsa tun daga kwana. Ta so shi, so mai tsanani, har manya suka shiga maganar.

"Mi na yi wa Goggo?" ta tambaya.

"Motar ce. Hon ke tashi shi kaɗai, ba kowa ciki. Tana tsaye gindin rumbu sai ki ji ta kama kuka. Mun cire kan batir, da an mayar sai ta dasa. Batula kuwa ta leƙa ta ga naɗin nan naki rawaya, tac ce wa Goggo layu ne. Wai kiranye kika ɗaura min, shi ya sa motar ka kuka in na kwana biyu ban zo Tambuwal ba."

Goggo Marka ita ce mahaifiyar Siddiƙ. Batula kuwa 'yar ƙaninta ce, a ɗakinta ta tashi, kuma kowa a Fakku ya san wanda take wa kwalliya.

Zulfa ta yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Kai fa? Ka yarda?"

"Haba rabin raina, ni? Amma Goggo ta hana kowane mai gyara ya taɓa motar, ta ce ba aikin ƙarfe ba ne. Ki rufa min asiri ki yi haƙuri, wata nawa ne..."

"Malam Siddiƙ."

Ya san tunda aka sa masa Malam, magana ta ɓaci.

"In na rufe rumfar nan yau, na amsa cewa ni bokanya ce, ubana ma boka ne. Ba ni rufewa. Ina sonka, Allah shi ne shaida, amma ba ni sayenka da sunan Baba."

"To ya kike so in yi?"

"Ka koma gida. Gobe ina zuwa in ga motar."

Ya zaro ido. "Gidanmu? Ke?"

Ta riga ta mayar da kanta ƙarƙashin sitiyari.

Da Inna Ummu, mahaifiyarta, ta ji, sai ta saki muciya cikin tukunya.

"Ke Zulfa, kina da hankali kuwa? Wace ɗiya ta taɓa taka gidan surukai da ƙafarta ba a kai ta ba? So kike a yi da mu a Tambuwal da Fakku gaba ɗaya?"

"Inna, ba gidan surukai za ni ba. Motar da na gyara ce anka ce ta lalace, kuma Baba bai taɓa barin aikinsa a hanya ba."

"In sunka kore ki fa?"

"In dawo. Amma sai na ga wayar nan da idona."

Inna ta sake ɗaukar muciyarta. Taurin kan nan ta san inda aka gado shi, ta zauna da mai shi shekara da shekaru. Ta share ido da gefen zani ta ce, "Ki dai sa babban hijabi."

Hantsi ya dubi ludayi lokacin da Zulfa ta sauka a Fakku, akwatin ƙarfen mahaifinta a hannu. Kafin ta kai ƙofar gidan, labari ya riga ta. Mata sun leƙo ta kan danga, maza sun taso daga majalisa. Ga motar can gindin rumbu, an yi mata turare har gilashinta ya yi duhu.

Goggo Marka ta fito, doguwar tsohuwa mai ɗankwali kore da zanen ganye. Batula na bayanta, an sha jan baki.

Zulfa ta durƙusa har ƙasa. "Ina kwananku, Goggo."

"Lafiya. Wa ya aiko ki?"

"Aikina ya kawo ni. Izini nika nema in buɗe motar."

"Kun gani ko?" in ji Batula. "Ta zo ta kwashe abinta kafin a gani. Goggo, kar ki bari."

"Ba mai taɓa motar nan," Goggo ta ce.

Zulfa ta san in an hana ta a nan, shi ke nan, ƙaryar ta zauna. Ba ta kalli Siddiƙ ba. Ta yi wa kanta alkawarin ba za ta roƙe shi ko da ido ba.

Sai ta ji ƙarar makulli.

"Goggo, ki gafarce ni," in ji Siddiƙ. "Ban taɓa ƙetare maganarki ba. Amma ni na kai mata motar nan, kuma ba wanda ya kira ni, ƙafata ta kai ni. In an hana ta wanke kanta, ni ma ba ni ƙara jan motar."

Ya buɗe ƙofa, ya ɗaga bonet, ya koma gefe yana haki kamar wanda ya yi gudu. Goggo ta kawar da kai gefe.

Zulfa ta miƙe. Ta nuna naɗin rawaya na bayan fitila.

"Batula, zo ki kwance layar da hannunki, kar a ce na sauya."

Batula ta ja baya. "Ni? Allah ya tsare ni."

Wani dattijo ya matso ya warware salatif ɗin a hankali. Jan waya ne da ɗigon dalma, sai ƙyalli yake. Ya kwance na biyu, haka. Aka fara 'yan gunaguni.

"Naku ya ƙare, saura nawa," in ji Zulfa.

Ta sa Siddiƙ ya mayar da kan batir. Shiru. Ta dafa ƙofar direba ta girgiza motar, sai kuwa hon ya ɓarke da kuka, mata suka watse, awaki suka tsinke. Ta zare fis ɗinsa, kukan ya ɗauke. Akwatin fis ɗin a jiƙe yake, soket ya yi kore.

"An zuba ruwa nan?"

"Ruwan tofi ne," wata ta faɗa daga bayan danga. "Kullum da safe Goggo ka yayyafa mata."

Zulfa ta ɗauko tsumma. Ta goge, ta kankare, sannan ta kwanta ta bi wayar hon daga sitiyari zuwa ƙasa, tana shafa ta da yatsa. Can ta ji inda roba ta ƙare. An gwaguye ta, jan ƙarfen a tsirara, yana lilo kusa da jikin mota. Da iska ta kaɗa ko akuya ta goga jikinta, sai ya taɓa, hon ya tashi. Ga kashin ɓera, ga ɓawon gyaɗa. Ta bi ɓawon har bayan kujera, ta zura hannu, ta ji ƙullin tsumma.

Ta jawo shi kaɗan. Irin gyaɗa ne, an huda shi ta ko'ina. Ƙyallen kore ne mai zanen ganye.

Ta ɗaga ido ta gilashi ta kalli kan Goggo. Zuciyarta ta ce mata, ɗaga shi sama kowa ya gani, yau ki rama. Wallahi ta so ta yi. Sai ta ga yadda tsohuwar ta ƙura wa bayan kujerar ido, hannunta na murza bakin zani.

Ta tura ƙullin cikin hijabinta, ta fito.

"Ɓera ne ya ci wayar hon. Ga ta nan, kowa ya zo ya gani."

"Ɓera?" Batula ta taɓe baki. "Shekara nawa motar nan na gindin rumbu ɓera bai shiga ba, sai da kika taɓa ta? Mi ya kai shi?"

"Ki tambaye shi in kun haɗu."

Aka kwashe da dariya, amma Zulfa ta ga tambayar ta zauna a fuskokin wasu. Ta haɗiye amsar, da ɗaci. Ta yanke inda aka ci, ta kunna ɗan murhunta ta narka dalma, ta haɗa sabuwar waya. Sannan ta ɗauko rawayan salatif, ta ɗaga shi yadda kowa zai gani, ta naɗe a gabansu ba gaggawa. Ta mayar da fis. Siddiƙ ya girgiza motar iya ƙarfinsa, shiru. Ya danna hon, ya amsa sau ɗaya ya tsaya.

"Goggo, a taimaka min da ruwa in wanke hannu."

A bayan ɗaki, su biyu kaɗai, Zulfa ta fito da ƙullin ta ajiye gefen buta.

Goggo ta sunkuyar da kai.

"Jikoki sunka hana ni sakat," ta ce a hankali. "Duk inda na ɓoye iri sai sun tono. Motar ce kaɗai ka kulluwa." Ta ɗago. "Don mi ba ki nuna musu ba?"

"Sunana na zo wankewa, Goggo, ban zo ɓata naku ba."

"Hmm." Tsohuwar ta zuba mata ruwa da kanta. "To yanzu in na ce na yarda, amma ki bar zama cikin maza a tasha?"

Ruwan na zuba a hannun Zulfa, idonta ya cika. Ga Siddiƙ an miƙo mata, kalma ɗaya ta rage.

"Ku yi haƙuri, Goggo. Ba ni bari."

"Ko za ki rasa shi?"

"Zan yi kuka, ba ƙarami ba. Amma ba ni bari."

Goggo ta ajiye buta ta ɗauki ƙullinta. Zulfa ta ɗauki akwatinta ta fita, ba ta yarda ta haɗa ido da Siddiƙ ba. Kukan da ta yi alkawari kuwa ta yi shi, tun daga Fakku har Tambuwal, fuskarta cikin hijabi.

Kwanaki suka shuɗe ba kira ba aike. Ta rame. Amma kullum da safe sai ta buɗe rumfa.

Ranar kasuwa tana cikin gwada batirin wani ɗan acaɓa, ta ji ƙarar injin da ta sani tun daga kwana. Ta ƙi waiwayawa. Motar ta tsaya, aka buɗe ƙofa biyu.

"Ke 'yar Na'iya, haka ake karɓar baƙi a garinku?"

Goggo Marka ce, da sabon ɗankwali. Siddiƙ na bayanta, bakinsa ya ƙi rufuwa. Zulfa ta durƙusa.

"Na tara matan gida na faɗa musu gyaɗar wa ɓera ya bi," in ji Goggo. "Batula ta yi fushi ta tafi gidan ubanta, ta huce ta dawo. Baffannin Siddiƙ na nan tafe wajen naku jibi. Wanga yaro kuma ya ce a Tambuwal zai kama muku ɗaki, kusa da tasha. Na ce shi ya sani."

"Zulfata..." Siddiƙ ya fara.

"Kai, rufe mana baki, ban gama ba."

Ta kwance wani ƙulli ta fito da tsohuwar rediyo, wayar batirinta a tsinke, ta dangwarar da ita a kan teburin Na'iya.

"Jikokin nan ne. Ki duba min ita kafin a tashi kasuwa."

Zulfa ta share hawaye da bayan hannu, ta ƙara wa fuskarta baƙi. Ta haɗa wayar, ta ɗiga dalma, sannan ta miƙa hannu ga baƙin salatif, don kar ta tayar da abin da ya kwanta.

Goggo ta riƙe mata hannu.

"A'a, ɗiyata. Da rawayan za ki naɗe."