Tawadar Da Ba Ta Bushe Ba

Da safiyar Litinin aka buɗe sito aka tarar kwalayen littattafai sun yi ƙafa. Kwaɗo lafiya lau, taga ba a taɓa ta ba.

Littattafan na koyon sabuwar manhaja ne, wadda hedikwata ta ɗora wa duk kwamfutocin kamfanin. Don kamfanin kaɗai aka tsara ta, babu inda za a koye ta sai a littafin. An kuma sa jarrabawa ƙarshen wata: wanda ya zo na ɗaya ya zama shugaban sashe, wanda ya faɗi ya koma gida ya huta. Hedikwata tana kiran wannan ci gaba.

Sufeto, 'yar sandan da aka kira, ta iso ta tarar Manaja ya riga ya gama shari'a, ya shaƙe wuyan rigar Mai Sito.

"Ga ɓarawonki, ranki ya daɗe! Dubi hannunsa!"

Tafin hannun Mai Sito shuɗi ne kamar na marini.

"Sake masa wuya," in ji Sufeto. "In ka iya aikina, me ya sa ka taso ni?"

Mai Sito ya gyara riga. "Ni na buɗe kwalayen ran Alhamis na duba su. Tawadar ba ta bushe ba, bango da ciki duk fita take yi. Sabulu ya ƙi wanke ta. Furfurata a wannan sito ta fito, yau a kai ni gaban 'ya'yana da ankwa?"

"Wa ya buga littattafan?"

Manaja ya yi tari. Surukinsa ne, wanda ya fi kowa araha, ya kuma fi kowa kusa.

"Makulli nawa ne?"

"Biyu," in ji Manaja. "Ɗaya na hannun Mai Sito, ɗayan yana durowata."

"Tana kulluwa?"

Ba ta kulluwa. Mutum uku ne ke shiga ofishin ba sallama: Injiniya mai kula da kwamfutoci, Gwaggo mai buga takardu, da mataimakin Manaja, wanda ake kira Na-Biyu a bayan idonsa.

Injiniya ya shimfiɗa hannuwansa a tebur. "In saci littafin? Ni na roƙa a buga shi! Tun da aka ɗora abin nan, ko banɗaki na shiga sai an buga mini ƙofa, wai takarda ta ɓace. Kuma tun Laraba ina hedikwata, yau na dawo." Waya ɗaya ta tabbatar da haka.

Gwaggo ba ta jira tambaya ba. "'Yar nan, a tsohuwar manhaja ido rufe nake bugu. Yanzu kamar an shiga ɗakin girkina an sauya wa kowace tukunya wuri. Littafin nan shi ne zai hana a kore ni, shi zan sace? Kuma da wannan bayan nawa zan ɗauki kwali?"

Na-Biyu ya shigo da murmushi da ƙamshin turare mai yawa, wanda bai gama rufe warin kananzir ba. Hannuwansa fes, har sun yi ja don gurza.

"Ni ko bangon littafin ban gani ba," in ji shi. "Manhajar kuwa ko kunna ta ban iya ba. Dukanmu makafi ne a nan."

Sufeto ta dube shi yana magana, ta daɗe tana duban bakinsa. Sannan ta sa aka tara kowa, ta zauna gaban kwamfuta ta ce za ta fitar da bayanansu a takarda. Ta danna nan, ta danna can, ta yi tsaki, ta sake danna inda ta danna. Injiniya ya motsa, ta harare shi ya koma. Akwai mutanen da za su iya jure yunwa, amma ba za su iya jure ganin wani yana kuskure a abin da suka sani ba.

"Ba nan ba, ranki ya daɗe," in ji Na-Biyu. "Kusurwar dama, ƙasa, sai ki danna sau biyu."

Na'urar buga takarda ta fara ƙara.

"Ikon Allah," in ji Gwaggo. "Makaho na nuna hanya."

"Injiniya ne ya nuna mini."

"Ni? Kai da ko gaisuwata ba ka amsawa?"

Sufeto ta miƙe ta fuskanci Na-Biyu. "Jawo leɓenka na ƙasa."

"Wannan cin mutunci ne!"

"Cin mutunci shi ne abin da aka yi wa wancan dattijon da safe. Jawo."

Cikin leɓen shuɗi ne, har kan harshe.

"Wanda ya ɗauki littafin, hannunsa ke ɓaci," in ji ta. "Wanda ya zauna ya karanta shi irin karatunmu na mutanen da, sai ya lashi yatsa kafin ya juya shafi. Ka wanke abin da kake gani da kananzir, ka manta da wanda ba ka gani. Ina makullin motarka?"

Kwalayen suna cikin but ɗin motar, an lulluɓe su da tsohon bargo. Littafi ɗaya ne kawai ya sha hannu, duk an ja masa layi.

"Guda ɗaya ya ishe ka," in ji Sufeto. "Sauran ka kwashe don kada kowa ya karanta. Kai ka ci kujera, Gwaggo ta tafi gida, Mai Sito kuma ya tafi kurkuku. Mu je."

Manaja ya juya wajen Mai Sito, ya buɗe baki zai ba da haƙuri, ya rasa shafin da ake farawa. Mai Sito ya zaro littafi daga kwali, ya danna masa shi a ƙirjin farar rigarsa.

"Aikin surukinka ne, yallaɓai. Riƙe da kyau."