Labulen da Aka Rataya a Juye

Dab da magariba tsohon direban ya tsaya gaban mai gwanjo. Wata bakwai ke nan da rasuwar matarsa. Ya bar gidan da suka zauna, ya kama ɗaki ɗaya a hawa na uku, taga ko ƙyalle babu.

"Labule nake so, mai araha," in ji shi.

Mai gwanjo ya tono wani daga ƙasan dilar kaya, mai kauri, mai furanni. "Na wani gida ne da aka watse. Ɗauka, Baba, ba sai mun ja ciniki ba."

Araha ba ta ado, amma ai tana rufe taga. Ya koma ɗaki, ya buga ƙusa biyu, ya ja igiya, ya rataya. A juye ya rataya shi, bawan Allah: furannin suna kallon waje, bayan ɗinkin yana kallon ɗaki. Shekara talatin yana ganin labule a gidansa, bai taɓa lura cewa fuskarsa cikin gida take kallo ba. Da matarsa na raye, da ta yi masa dariya har da hawaye.

Ya zauna bakin katifa da burodinsa da ruwan shayin da ya huce. Ɗakin shiru, har yana jin taunarsa.

Sai ƙamshin albasa a cikin mai.

Daga bayan labulen yake fitowa. Cokali ya bugi kwano. Aka ja kujera. Wata mace ta yi dariya ƙasa-ƙasa, yara suna gardama a kan wurin zama. Wani haske mai ɗumi yana tsiyayowa ta ƙasan labulen.

Ya sani sarai babu komai bayan tagar nan sai iska, sai simintin tsakar gida can ƙasa. Ya gane abin da ya aikata: ya juya wa mutanen gidan da aka watse fuskar labulen, su ne a ciki, shi ne a waje.

"Baba," aka ce da raɗa. "Tsayuwar me kake yi a nan? Shigo, abinci zai huce."

Ya nemi addu'a a bakinsa, ya rasa.

"Mun ajiye maka wuri."

Ya miƙe. Ba wanda ya ja shi, gaskiya ɗaya ce.

Ya ɗaga gefen labulen. Ɗumi ya bugi fuskarsa.

Ya ɗora gwiwa a kan taga.

Ya zura ƙafa ɗaya.

"Innalillahi! Baba direba! Koma!"

Maƙwabciyarsa ce, tana kwashe shanya a tsakar gida, ta ɗago kai ta gan shi. Ya duba ƙasa. Silifas ɗinsa ya zame, ya daɗe yana tafiya kafin ya ji faɗuwarsa.

Ya faɗo da baya cikin ɗaki, labulen a hannunsa, ƙusoshin sun fita. Labulen sanyi ƙalau, yana warin ƙura.

Washegari ya ƙone labulen a bayan ginin. Maƙwabta suka ce jiri ne na tsufa, bai musa ba. Bai faɗa wa kowa cewa ba tsoro ne ya fi damunsa ba, kewa ce. Kullum magariba sai ya ajiye burodinsa ya kasa kunne, don tun da ya binne matarsa ba wanda ya kira shi cin abinci sai su.